Kiwon da Aka Yi Mini a Tsibirin Ƙi-reno

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya shimfiɗa ƙasa Ya kewaye ta da ruwa, Ya watsa tsibirai a cikin ruwan, Ya ba kowane tsibiri tsuntsunsa, Ya ba kowane tsuntsu halinsa. Ni ne Anaruwa ɗan Makau, mutumin Tsaunin Baure, mai tarkon tsuntsaye, ɗan mai tarkon tsuntsaye. Ku gyara zama. Kai kuma da ke can baya kana yi wa tumbina dariya, bari ka ji inda na samo shi, mu ga ko dariyar za ta sake fitowa.

Tun ina ƙarami babu tsuntsun dajinmu da ban iya kukansa ba. In na haɗa tafukan hannuna na busa, kurciya kan sauko tana neman mijinta, fakara kan fito daga ciyawa ta shiga tarko da ƙafarta. Da mahaifina ya rasu sai dajin ya yi mini kaɗan. Na rantse ba zan zauna ba sai na ji kukan kowane tsuntsu da ke ƙarƙashin sama, na san abin da yake ci da yadda yake hayayyafa. Mutane suka ce na haukace. Na ce na ji, na ɗauki sandata.

Na ƙetare daji da hamada har na kai gaɓar Bahar Zurma, ruwan da ba a ganin ƙarshensa, na shiga jirgin waɗansu fatake masu sayen gashin tsuntsu. Muna tsakiyar ruwa, rana tsaka, sai ga 'yan fashi sun kewaye mu. Suka jefo ƙugiyoyi suka maƙale jirginmu, suka hauro da adduna. Kai, ban taɓa ganin yanka irin na ranar ba! Shugaban jirginmu ya ɗaga hannu zai yi magana, aka sare hannun, aka bi da kan. Jini ya malale katako har ƙafa ba ta tsayawa. Wani ƙato ya nufo ni, na wawuri tukunyar miya daga kan murhu na kifa masa a fuska, ya saki addarsa yana ihu, garwashin kuma ya watse ya kama kaya. Nan da nan wuta ta haɗa mu da su duka. Na rungumi wani katako na faɗa ruwa.

Ban san tsawon lokacin da teku ta yi tana wasa da ni ba. Na dai farfaɗo a kan rairayi, leɓuna sun tsattsage, waɗansu mata masu kamun ƙaguwa sun kewaye ni. Ina jiran a ce mini sannu, sai na ji guɗa. Aka ɗora ni a kan gadon kara aka shiga da ni gari ana kiɗa, wani gari na gidajen dutse a gindin tsauni mai duhun kurmi. A gabanmu wani tsoho yake tafiya, sanye da alkyabba mai zane-zane irin na ƙirjin shaho, yana riƙe da ƙwai guda a tafin hannunsa. Shi ne Mai Sheƙa, babban garin. Duk ƙofar da ya wuce sai in ji masu gidan sun saki ajiyar zuciya. Da ya kai wata ƙofa ya durƙusa ya ajiye ƙwan, sai wata dattijuwa ta fito ta gan shi, ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara. Ni wawa, na zaci murnar baƙo take yi.

Sunanta Ulaya, ni kuwa Inna na kira ta tun daga ranar. Mijinta ya daɗe da mutuwa, ɗanta guda ne, Dalmu, masunci, sa'ana, ƙato mai wushirya, wanda in ya yi dariya sai maƙwabta sun leƙo. Shi ya ɗauke ni cak ya kwantar a kan gadonsa, ya koma tabarma. Shi ya koya mini harshensu, yana nuna abu yana faɗin sunansa, in na kwaɓa ya riƙe ciki yana dariya.

Abinci kuwa, wallahi ko sarki sai haka. Kifi gasasshe, doya da man kwakwa, ƙaguwa, zuma, safe da rana da yamma. Inna ce ke kawowa, ta durƙusa ta ajiye, ba ta kallon fuskata. A bakin ƙofa kullum akwai wani dogari mai suna Kurzo, mai tabon sara a goshi, zaune da mashinsa har sai na suɗe kwano. Bayan na gama sai a miƙa wa Dalmu romo tsinkakke a 'yar ƙwarya. Na ce ko azumi yake yi. Ya yi dariya ya ce, "In ka warke zan kai ka ka ga tsuntsunmu, ɗan'uwa. Shi zai ba ka amsa."

Damina tana gab da ƙarewa ya kai ni kurmi. Tun daga nesa na ji kukan: busa uku masu hawa, sannan guda mai saukowa a hankali kamar mai tambaya bai sami amsa ba. Tsigar jikina ta tashi. Sunansa a harshensu yana da wuyar faɗi, ma'anarsa dai Ƙi-reno, kuma babu shi ko'ina a duniya sai a wannan tsibirin. Da na gan shi na zaci shaho ne, ga toka-tokan baya, ga zanen ƙirji, ga doguwar jela. Amma da na duba ƙafarsa sai na ga yatsu biyu gaba biyu baya, irin na tsuntsun nan ragon-maza na dajinmu, ba shi da farcen da zai kama ko ɓera. Kamannin shahon nan duk rigar aro ce ta tsorata ƙanana. Abincinsa gizaka, tsutsar nan mai gashi da kowane tsuntsu ke ƙyama. Sai ya kama ta ya buga a reshe har cikinta ya zube, sannan ya haɗiye.

Muka laɓe kusa da sheƙar wata 'yar tsuntsuwa ruwan ƙasa da ba ta fi beni girma ba. Macen Ƙi-reno ta zo ta wuce fuu ta kansu, masu sheƙar suka watse don tsoro. Ta dira, ta cafke ƙwai guda ta haɗiye, ta saki nata a gurbinsa, ta tashi. Duka-duka bai kai ka sha ruwa ka ajiye moɗa ba. Ba za ta sake waiwayar ƙwan nan ba har ta mutu.

Dalmu ya ja hannuna zuwa wata sheƙar, inda ƙwan Ƙi-reno ya riga ya ƙyanƙyashe. Ɗan tsako ne tsirara, ja, makaho, ko gashi babu. A bayansa akwai wani ɗan rami. Ina kallo ya kutsa ƙarƙashin ɗan masu sheƙar, ya ɗora shi a ramin nan, ya kafa ƙafafu ya ja da baya yana nishi har bakin sheƙa, ya cilla shi ƙasa. Tururuwa suka rufe shi tun yana motsi. Uwar ta dawo da tsutsa a baki, ta tsallake gawar ɗanta, ta zura wa baƙon a maƙogwaro.

Na ce, "Subhanallahi! Wannan ai ɗan ta'adda ne."

Dalmu ya ce, "Kai ke nan. Ni ne wancan na ƙasa."

Na dube shi, ba dariya yake yi ba. Ya zaunar da ni ya warware mini. Tsibirin ƙarami ne, rijiyarsa guda. A zamanin kakanninsu mutane sun yi yawa har yunwa ta sa sun ci junansu, sai suka kafa doka: baki ba zai ƙaru ba. Duk baƙon da teku ta jefo, ƙwan Ƙi-reno ne, ba a kashe shi, ba a korarsa. A sa shi a gida, uwar gidan ta ciyar da shi, ɗan gidan ya rame. Da rani tsuntsun kan yi shiru ya haye can ƙololuwar tsauni. Ranar da aka sake jin kukansa na fari, sai a kai baƙo da ɗan gida wani wuri da ake kira Sheƙa, a ɗaure musu hannu, su yi ture da baya har ɗaya ya jefa ɗaya. Wanda ya saura shi ke da gida da suna da uwa.

Na ce, "Ɗan gida ya taɓa yin nasara?"

Ya ce, "Da wannan romon?"

Da yamma Inna ta kawo kwano na ture shi da ƙafa. Na ce wa Kurzo, "Je ka faɗa wa tsohonku na ƙoshi. Ba zan ƙara cin lomar da aka cire daga bakin mutum ba." Ya miƙe ya kira dogarai biyu, suka fizgo Dalmu suka ɗaure shi a turken tsakar gida, Kurzo ya zaro bulalar fatar kifi mai ƙaya. Dukan fari ya tsaga bayan Dalmu daga kafaɗa zuwa ƙugu. Na yi kukan kura na yi kansa, aka buga mini gindin mashi a ciki na zube. Aka ci gaba. Jini ya fantsamo har cikin kwanon. Dalmu ya cije leɓe, bai yi ko tari ba.

Inna ce ta rarrafo ta ɗauki kwanon ta tura mini a ƙirji. Ranar ta fara kallon idona. Ta ce, "Ci, ɗan nan. Don girman Wanda ya yi ka, ci, za su kashe mini shi tun yau."

Na ci. Ina kuka ina turawa, da jinin da hawayen duka. Kurzo bai sauke bulala ba sai da na suɗe kwanon. Na tsani wannan mutumin tsana mai tsanani, na kuma tsani cikina da yake karɓar abincin ba musu.

Haka rani ya tafi. Ni ina kumbura, wuyana ya yi taiɓa, Dalmu yana zubewa har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Kullum shi ke fita kamun kifin da zan ci, dogari a bayansa. Duk da haka bai fasa tsokanata ba. Yakan tsunkuli cinyata ya ce, "Madalla, kiwo ya yi kyau. In za ka jefa ni ka jefa ni da nisa, kada ka ba Inna kunya."

Wata rana na ce ya kai ni in ga Sheƙar. A can ƙarshen tsibirin take, a kan wani dutse da ya leƙa teku: sheƙa ce sosai, amma ta itatuwa da igiyoyi, faɗinta ya kai masussuka, da turke a tsakiya. Kusa da ita wata ƙatuwar bishiya ce cikin sarƙaƙiya. Na kwanta da ciki na leƙa ƙasa, kaina ya juya don tsawo. Can ƙasa ruwa ne shuɗi mai zurfi, ina hango ƙasusuwa fari fat a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Ai wanda ya iya iyo zai tsira."

Ya ce, "Yanzu ka gani da ruwa. In iska ta juya gabanin damina, teku takan janye ta bar duwatsu tsirara masu kaifi. Sai ta janye gizaka ke fitowa, sai gizaka ta fito tsuntsun ke saukowa ya yi kuka. Ba a taɓa yin Sheƙa da ruwa a ƙasa ba."

Na nuna wani baƙin rami a gindin dutsen na ce, "Wancan fa?"

Ya ce, "Kogon matattu. In masunci ya mutu can ake kai kwalekwalensa. Na babana yana ciki. Ba mai shiga."

Sai na ce, "In tsuntsun ya yi kuka tun iska ba ta juya ba fa?"

"Ba ya yi."

"Na ce in ya yi."

"To Sheƙa ta kama a ranar. Kuka ne doka, ko Mai Sheƙa ba ya ja da shi. Kuma da an ji, kowa zai kifa fuska a ƙasa, don wanda ya ga tsuntsun yana kukan fari sun ce zai makance."

Na duba hagu da dama, dogarin Dalmu yana nesa yana fitsari. Na haɗa tafukana na busa can ƙasa-ƙasa, uku masu hawa, guda mai sauka. Dalmu ya zube a kan gwiwa kafin ya gane daga ina kukan ya fito. Da ya ɗago ya ce, "Kai maye ne, ɗan'uwa."

Sai dai akwai cikas. Ni ba zan iya yin kukan ba, don Kurzo yana manne da ni, kuma kuka biyu ake bukata: na farko ya tara gari, na biyu kuwa sai an ɗaure mu a turken Sheƙa, kowa ya kifa fuska, a jira tsuntsun ya sake magana, sannan a yanke igiya. Da muka faɗa wa Inna tana ɓare kwakwa, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni zan yi. Uwar gida ba ta zuwa Sheƙa, ɗaki ake barinta. Ba mai nemana."

Na koya mata a bakin teku, inda rugugin ruwa ke haɗiye sauti, tana wanke tukwane ina zaune kamar mai shan iska. Hannuwanta sun faffashe da aiki, iska tana zurarewa ta tsakanin yatsu. Na ce, "Inna, wannan ai kukan akuya mai mura ne." Ta ɗaka mini ludayi a ka ta ce, "Rufe mini baki, ƙaton banza, sake nuna mini." Ba ta fasa ba har ranar da ta busa na ji tsigar jikina ta tashi. Amma busarta ba ta da ƙarfi, ba ta tafiya nesa in akwai iska.

Ta ce wa Dalmu duka biyun daga kan tsauni za ta yi su. Da ya fita ta kama hannuna ta ce, "Na farko daga tsauni, bisa gari. Na biyu ba zai kai Sheƙa daga can ba. Bishiyar nan zan hau. Ka rantse ba za ka faɗa masa ba." Na zaci tsoro take kada ya hana ta don gudun faɗowa. Na rantse.

Da hantsi ne, rana ta yi fes, kukan ya sauko daga tsauni. Gari duka ya zube. Mata a bakin rijiya, maƙera, yara, kowa fuska a ƙasa. Mai Sheƙa ya fito yana shinshina iska, ya dubi ganyayen da gizaka ba ta taɓa ba, ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "Ya yi magana. A kawo su."

Aka tuɓe mu, aka ɗaure wa kowa hannuwansa a gaba, aka kora mu da kiɗa. A cikin kumatuna na ɓoye ɓallin kwanson teku mai kaifin aska, yana yanka mini harshe ina haɗiye jinin. Aka haɗa bayana da na Dalmu a jikin turke aka zagaye mu da igiya. Ƙasusuwan bayansa suna sukata. Shi yana fuskantar teku, ni ina fuskantar jama'a da bishiyar. Kowa ya kifa fuska, sai Kurzo da ya durƙusa kusa da mu, kai a sunkuye, wuƙa a kan igiya.

Kukan ya fito daga bishiyar, tsaf, babu kuskure. Kurzo ya yanke igiya.

Sai sarƙaƙiyar nan ta fashe. 'Yan tsuntsayen nan ruwan ƙasa, waɗanda Ƙi-reno ke yi wa ƙwai a sheƙa, suka taso ɗari bisa ɗari suna tsuwa, suka rufe reshen da kukan ya fito. Ashe duk inda suka ji wannan muryar kusa da gidajensu, taron dangi suke yi mata. Suna sara, suna yagar fuska, har reshen ya girgiza, zane ya bayyana, ƙafar mutum ta sauko. Hayaniyar ta sa wani ya ɗago, ya yi ihu, "Mace ce! Ulaya ce!"

Mai Sheƙa ya miƙe yana kumfar baki ya ce, "Ku kashe ta! Ku riƙe waɗancan!"

Inna ba ta nemi gudu ba. Jini yana zuba daga goshinta, ta sake haɗa hannu ta busa, don waɗanda ba su ɗago ba su ci gaba da kifewa. Mashin fari ya same ta a ciki. Na biyu ya shiga ƙirji ya fito ta baya. Ta faɗo ta cikin rassa, suka yi kanta da duwatsu. Duk a idona.

Dalmu yana ƙoƙarin juyowa yana cewa, "Mene ne? Wa suka kira? Anaruwa, mene ne?" Na san in ya gani ba zai yi tsalle ba, cikinsu zai faɗa da hannu a ɗaure. Kurzo ya riga ya miƙe da wuƙa. Na sunkuya na kutsa ƙarƙashin Dalmu, na ɗora shi a bayana, bai fi nauyin damin kara ba. Na kafa ƙafafu na ja da baya har bakin Sheƙa, na cilla shi, na bi shi.

Ruwan ya buge ni kamar an maka mini ƙofa. Na nitse har na taɓa ƙasusuwan da ke ƙasa, na taka su na taso. Na cije ɓallin nan da haƙora na goga igiyar hannuna har ta tsinke, tare da fatar wuyan hannun. Dalmu yana nitsewa, ƙarfinsa bai kai ya buga ƙafa ba. Na cafko gashinsa na fito da kansa sama.

Sai wani abu ya faɗo kusa da mu, tim! Kurzo ne, ya biyo mu da wuƙa a baki. Ya iya ruwa fiye da ni nesa ba kusa ba. Ya nutsa ya soke ni a cinya, ya shaƙe wuyana ya ja ni ƙasa. Na saki Dalmu. Idona ya fara duhu. Amma duk kifin nan da zumar nan da ya tsare ni na ci, ranar suka yi aiki. Na rungume shi na matse har na ji haƙarƙarinsa ya ƙara, na zaro ɓallin daga bakina na kafa masa a maƙogwaro na ja. Ruwan ya koma ja. Na ture shi, na nemo Dalmu, na saɓa shi a baya, hannuwansa ɗaurarru a wuyana. Ban yi nisa ba na waiwaya na ga manyan kifayen nan masu cin mutum sun ji jini sun zo, suna fizgar Kurzo kowa da rabonsa. Wallahi ban ji tausayinsa ba, ko yau ba na ji.

Daga sama ana ta ruwan duwatsu da masu. Wani dutse ya fasa mini kafaɗa, na dai ci gaba har muka shige kogon. Ciki kwalekwale ne jere a kan tudun dutse, waɗansu sun ruɓe. Dalmu ya yi aman ruwa, ya nuna na babansa da haɓa. Na kwance shi, muka tura shi ruwa, na ɗauki matuƙi. Muka bi gindin dutsen inda jifa ba ya sauka, sannan na miƙe tsakiyar teku ina tuƙi kamar mahaukaci. Babu wanda ya biyo mu. Kafin su sauko su zaga zuwa inda jiragensu suke, tsibirin ya zama ɗan baƙin abu a bayanmu.

Dalmu yana kwance a cikin kwalekwalen. Da numfashinsa ya daidaita ya ce, "Kukan na biyu kusa na ji shi. A ina ta tsaya?"

Na ce, "A bishiyar."

Ya tashi zaune. Na ce, "Ta sa na rantse. Ban san 'yan tsuntsayen nan za su tona ta ba, ɗan'uwa, ban taɓa ganin sun yi haka ba."

Ya ce, "Kai baƙo ne. A tsibirin nan ko yaron goye ya san haka suke yi. Ita ma ta sani." Ya dube ni ya ce, "Ta mutu?"

Na ce, "Ta mutu. Tana busawa suka same ta."

Bai yi ihu ba. Ya koma zai kwanta, sai kansa ya bugi wani abu a ƙarƙashin tabarmar da ke gaban kwalekwalen. Ya yaye. Goran ruwa ne biyu, da busasshen kifi, da wani ƙunshin ganye da aka ɗaure da kyau. Ashe tsohuwar nan ta yi iyo ita kaɗai ta shiga kogon matattu kafin ranar, ba ta faɗa wa kowa ba. Ya kwance ƙunshin, doya ce da ƙaguwa da barkono, ya ce tun yana yaro haka take dafa masa. Ya zuba wa abincin ido, sannan, don sabo, ya turo mini.

Fatake sun tsince mu daga baya, kuma Dalmu ya rayu, yau har jikoki gare shi a garinmu. Amma a cikin kwalekwalen nan ban san za mu kai ko'ina ba. Na mayar masa da ƙunshin na ce, "A'a. Wannan kai ta dafa wa. Ci."

Ya ɗauki loma ya kai baki, sai kukan ya ƙwace masa. Ya ci yana kuka, ni kuwa na juya fuskata ga teku na ci gaba da tuƙi.